Tsare Zafin Gawayi Daga Nesa: Wace Na'ura Ya Kamata Mai Gashi Ya Haɗa?

Gashin da Amurkawa suka shahara da shi, musamman mutanen jihar Tekzas da maƙwabtanta, ba irin gashin tsire ba ne. Mai tsire yana tsaye a bakin garwashi yana juya tsinke, kafin wani lokaci ya gama ya naɗe wa mai saye. Wancan kuwa ya fi kama da banda: a ɗauki naman ƙirjin saniya mai nauyin kilo 5 ko 6 a sa shi cikin rufaffen murhu, a bar shi a hayaki da zafi mai sauƙi, tsakanin digiri 107 zuwa 121 a ma'aunin Salshiyas, har awa 12 ko fiye. Duk wahalar aikin a wuri guda take, wato riƙe zafin nan kada ya hau kada ya sauka, kuma tun da gawayi iska yake ci, wanda ya iya riƙe iska ya iya riƙe zafi. Duk wanda ya taɓa ganin yaron maƙeri yana zuga wuta da zugazugi ya riga ya fahimci na'urar da ake magana a kai. Tsinken auna zafi ne a cikin murhu, da 'yar fanka a bakin ƙofar iska ta ƙasa, da ƙwaƙwalwar lantarki a tsakaninsu wadda take cewa a zuga ko a dakata.

Wanda yake son ya mallaki irin wannan na'ura, kuma ya riƙa dubanta ta wayarsa ko yana kwance a ɗaki ko ya fita kasuwa, hanyoyi huɗu ne a gabansa: ya haɗa HeaterMeter, ya gina tasa tun daga tushe a kan allon ESP32, ya yi amfani da akwatin sarrafa zafi irin na masana'antu tare da ma'auni mai Wi-Fi, ko ya sayi gamammiya daga kamfani. Na sa ta huɗun a lissafi ne saboda mutane da dama sukan fara da niyyar haɗawa, sai daga baya su gane cewa nama suke so su gasa, ba wayoyin lantarki suke so su liƙa ba.

Abubuwan da za a auna su da su

Tambaya ta farko, wadda a ganina ta fi duk sauran nauyi, ita ce: a ina ake yanke hukuncin kunna fanka? Dole ne ya kasance a cikin akwatin da ke gefen murhu, ba a wata kwamfuta da ke nesa ba. Intanet don kallo take da kuma sauya umarni jifa-jifa. Idan ta yanke da ƙarfe 3 na dare, ya kamata wuta ta ci gaba da tafiya daidai kamar babu abin da ya faru. Duk tsarin da fankarsa take jiran saƙo daga waje kafin ta rage gudu bai cancanci a bar shi da garwashi ba.

Ta biyu ita ce awo. Tsinkunan auna zafi iri biyu ne. Akwai tamista, wadda juriyarta ga lantarki take sauyawa gwargwadon zafi, tana da araha kuma tana da daidaito a zafin da nama yake nuna, amma wayarta ba ta jure harshen wuta, kuma idan ruwa ya shiga mahaɗar waya da tsinke sai ta fara faɗar ƙarya. Akwai kuma tamokopul samfurin K, ƙarfe biyu daban-daban da aka haɗa bakinsu, wanda yake jure zafin da ya wuce digiri 1,000, sai dai lantarkin da yake fitarwa ɗan mitsitsi ne ƙwarai, don haka yana buƙatar guntun da zai ƙara masa ƙarfi. Abin da ƙwararru suka saba yi shi ne tamokopul ga cikin murhu, tamista ga cikin nama.

Ta uku ita ce sarrafa iska. Fanka tana iya ƙara zafi ne kawai, ba ta iya rage shi, kuma ko a kashe take iska tana sulalewa ta cikinta. A murhun ƙarfe irin Weber Smokey Mountain, ko wanda aka yanka daga duro mai cin lita 208, wannan ba babbar matsala ba ce domin ƙarfe yana saurin hucewa. A murhun yumɓu irin Big Green Egg kuwa, idan zafi ya zarce inda ake so, sai an yi dogon jira kafin ya sauko, saboda haka ana buƙatar marfi mai motsi da zai toshe ƙofar iska gaba ɗaya. Lissafin da yake daidaita wannan duka ana kiransa PID, kuma ma'anarsa a sauƙaƙe ita ce na'urar tana duban abu uku: nisan da ke tsakanin zafin yanzu da wanda ake so, tsawon lokacin da aka ɗauka ba a kai ba, da kuma saurin da zafin yake hawa ko sauka.

Sai hanyar isa gare ta daga nesa da tsaron wannan hanya, sannan kuɗi, ƙarko, da yawan ilimin da aikin yake nema.

HeaterMeter

Wannan tsari ne da wani mai sha'awar gashi a Amurka ya ƙirƙiro ya kuma saki zanensa da manhajarsa kyauta ga kowa. A farkonsa da rawutar Linksys WRT54G ake haɗa shi, wato na'urar da take rarraba intanet a gida, daga baya aka koma kan Raspberry Pi, wata 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu. Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne yadda aka raba aiki gida biyu. Ƙaramin guntun lantarki mai suna ATmega328 shi ne yake karanta tsinkuna yana tuƙa fanka, ita kuwa Raspberry Pi aikinta nuna shafin da ake gani a waya, zana jadawalin zafi da aika gargaɗi. Ko Pi ta daskare, guntun yana nan yana aikinsa, kuma akwai ɗan allon rubutu da maɓallai a jikin akwatin da za a iya sauya zafi da hannu. Wannan ya amsa tambayar farko sarai.

Yana karɓar tsinkuna huɗu, ana iya mai da na farkon ya zama tamokopul, yana tuƙa fanka da marfi mai motsi a lokaci guda, kuma yana gane an buɗe murfin murhu. Kada a raina wannan na ƙarshe. Da zarar an ɗaga murfi don a duba nama, zafi yakan faɗi farat ɗaya, na'urar da ba ta da wayo sai ta ɗauka wuta ce take mutuwa, ta saki fanka da dukkan ƙarfinta a kan garwashin da ya riga ya sha iska ya ƙoshi. HeaterMeter yakan dakata na 'yan mintuna har a rufe.

Wahalarsa ita ce haɗawa. Sai mutum ya iya liƙa ƙananan kayan lantarki da dalma, ya samo akwati da marfin iska waɗanda galibi da injin ɗab'i mai fitar da siffar roba ake yin su, sannan ya jure neman kayan da wani lokaci ba su samuwa cikin sauƙi a wajen Amurka. Katin ajiyar Raspberry Pi kuma ba ya son a ɗauke masa wuta ba zato, don haka yana da kyau a ajiye kwafinsa a gefe. Idan an haɗa komai har da tsinkuna, kuɗin yakan kama tsakanin dala 120 zuwa 200.

Gina taka a kan ESP32

Allon ESP32 na kamfanin Espressif da ke Shanghai ya fito a 2016, yana da Wi-Fi a jikinsa, kuma ana samun sa a ƙasa da dala 10. Idan aka ƙara masa guntun karanta tamokopul, MAX31855 ko tsohon MAX6675, da fanka mai katantanwa ta bolt 5 ko 12, da taransista guda da za ta riƙa ƙara mata gudu ko ragewa, an sami gangar jikin na'ura a kan dala 30 zuwa 60. Wanda ba ya son rubuta manhaja tun daga farko zai iya amfani da ESPHome, wadda take da lissafin PID a shirye har da hanyar da na'urar za ta gwada murhu ta daidaita kanta, kuma lissafin a cikin allon yake gudana, ba a waje ba. Abu ɗaya da ya kamata a sani tun da wuri shi ne sashen ESP32 da ke karanta ƙarfin lantarki ba shi da daidaito sosai, saboda haka idan za a sa tamista ga nama, gara a bi ta guntun ADS1115.

Babu hanyar da ta kai wannan araha, babu kuma wadda ta kai ta koyar da mai ita. Amma duk kariyar da wasu suka shafe shekaru suna ginawa, a nan kai ne za ka tuna da ita ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da aka manta wuta ce take tunatarwa. Na ga wannan da idona. Wani dare na buɗe murfi don in yayyafa wa kafaɗar rago ruwa, ban lura ba ashe wayar tsinken murhu ta maƙale a hannun rigata, tsinken ya zame ya faɗo waje yana reto a jikin duro. Na rufe na koma ɗaki. Tsinken yana auna iskar tsakar gida, digiri talatin da 'yan kai, na'urar kuwa tana ganin an bar ta a baya da digiri tamanin, sai ta saki fanka iyakar gudunta. Ƙarar fankar ce, wadda ta ƙi yin shiru kamar yadda ta saba, ta fito da ni bayan kusan minti ashirin. Na tarar gindin duro ya yi zafin da fentinsa yake wari, kitse yana ɗiga yana kamawa, bayan naman ya yi baƙi ƙirin. Laifin nawa ne, domin ban rubuta dokar da za ta ce idan fanka ta daɗe tana gudu zafi bai motsa ba, a kashe ta a buga ƙararrawa ba.

Don haka duk mai bin wannan hanya ya rubuta dokoki huɗu kafin ya kunna gawayi: fanka ta tsaya idan tsinke ya yanke ko ya faɗi abin da hankali ba zai ɗauka ba, a sa mata iyakar gudun da ba za ta wuce ba, ta dakata idan an buɗe murfi, kuma idan allon ya mutu ya farfaɗo ya tashi da fanka a kashe har sai ya karanta zafi. MAX31855 yana taimakawa a nan domin yana sanarwa idan wayar tamokopul ta tsinke ko ta haɗu da wata.

Akwatin masana'antu da ma'auni mai Wi-Fi

Akwai ƙananan akwatunan PID da ake sawa a tandar burodi da injinan narka roba, irin samfurin REX-C100, waɗanda ake sayarwa da araha. Ana soka musu tamokopul, a haɗa su da fanka, a danna zafin da ake so, shi ke nan. Ba su san intanet ba, don haka sai a sayi ma'auni dabam mai Wi-Fi, kamar na Inkbird, wanda zai riƙa aiko da zafin murhu da na nama zuwa waya. Kallo kawai za a yi daga nesa, ba za a iya sauya komai ba, kuma akwai masu ganin wannan alheri ne, tun da babu wanda zai iya taɓa wutarka ta intanet.

Aibinsa shi ne yawancinsu kunnawa da kashewa kawai suke yi wa fanka, ba su san an buɗe murfi ba, da yawansu kuma da wutar gida suke aiki, abin da yake da haɗari a tsakar gida lokacin damina. Jabu ma sun cika kasuwa. Kamfanin Auber Instruments yana yin waɗanda aka tsara musamman don murhun gawayi masu aiki da bolt 12, kuma su suka fi dacewa idan an zaɓi wannan hanya.

Gamammiya daga kamfani

FireBoard 2 Drive yana karɓar tsinkuna shida kuma yana da batir a cikinsa. ThermoWorks suna da Signals mai tsinkuna huɗu wanda ake haɗawa da fankarsu Billows. Akwai Flame Boss, da BBQ Guru wanda yake cikin waɗanda suka daɗe a wannan sana'a, da kuma Inkbird a ɓangaren masu sauƙin kuɗi. Dukkansu a cikin akwatin suke sarrafa fanka, wasunsu an rufe su yadda za su jure yayyafi da maiƙo, kuma masu Wi-Fi a cikinsu shigarsu intanet ba ta da wuya. Kuɗinsu yana farawa daga wajen dala 150 ya haura har 400.

Abin da mai saye ya kamata ya riƙe a ransa shi ne, duban nesa ta sabar kamfanin yake bi, wato babbar kwamfutarsu da take kan intanet. Ranar da kamfani ya rufe sabarsa, wannan ɓangaren ya tafi. Ba zato ba ne kawai: a watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon, mai yin na'urorin sarrafa fitilu da makamantansu a gidajen Amurka, ya kashe sabarsa ba sanarwa, masu kayansa suka wayi gari manhajar wayarsu ba ta aiki, sai bayan watanni wasu daga cikinsu suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi.

| Hanya | Kimanin kuɗi a Amurka | Aikin haɗawa | Ƙarko | Daga nesa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| HeaterMeter | dala 120 zuwa 200 | liƙa da dalma, saita manhaja | mai kyau, ana iya gyara shi | kallo da sauya umarni | lalacewar katin ajiya, buɗe ƙofa ba tsaro |
| ESP32 | dala 30 zuwa 60 | mai yawa, komai a hannunka | ya danganta da aikinka | yadda ka tsara | mantuwa da dokokin kariya |
| Akwatin masana'antu | dala 80 zuwa 130 | kaɗan | mai kyau | kallo kawai | wutar gida a waje, jabu |
| Gamammiya | dala 150 zuwa 400 | babu | mai kyau, gyara sai kamfani | kallo da sauya umarni | dogaro da sabar kamfani |

Kuɗin dako da na kwastan ba su cikin wannan lissafi.

Maganar shiga daga nesa

A nan ne masu haɗa tasu suka fi yin tuntuɓe. Tsohuwar hanya ita ce a buɗe ƙofa a rawutar gida ta yadda duk wanda ya san adireshin zai iso shafin na'urar. Ba na ba kowa shawarar yin haka. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rawutoci ta hanyar gwada kalmomin sirrin da aka fito da su daga masana'anta ba a sauya ba, alhali waɗancan na'urori ba su riƙe da wuta. Taka tana riƙe da ita. Ban da haka, wanda intanet ɗin gidansa ta layin waya take zuwa, kamar yadda take a yawancin gidajen Najeriya da Nijar, sau da yawa ba shi da adireshin kansa, domin kamfanin sadarwa yakan tara masu layi da yawa a bayan adireshi guda, don haka ko ya buɗe ƙofar babu mai iso ta.

Hanyar da ta fi ita ce bututun sirri, wato VPN. WireGuard, wanda ya shiga cikin babbar manhajar kwamfuta ta Linux a 2020, ko Tailscale da aka gina a kansa, suna sa wayarka ta zama kamar tana cikin gidan ko kana wani gari, kuma Tailscale yana iya ratsa matsalar adireshin haɗaka. Ana iya ɗora shi a kan wata 'yar kwamfuta a cikin gida ta zama mashiga ga sauran na'urori. Mai ESP32 kuma zai iya sa allonsa ya riƙa tura awo waje ta MQTT, tsarin aika gajerun saƙonni tsakanin na'urori, ko ta Home Assistant, manhajar sarrafa na'urorin gida, ba tare da an buɗe wa kowa hanyar shigowa ba. Ka tuna ESP32 na asali Wi-Fi mai zangon 2.4 GHz kawai yake kamawa, kuma katangar siminti tana cinye sigina, saboda haka a gwada a daidai inda murhun zai zauna.

Amfanin jadawalin da ake gani a waya yakan fito ne a tsakiyar gashi, lokacin da zafin cikin nama ya tsaya cik tsakanin digiri 65 zuwa 75 na awanni. Ruwan da ke fita daga naman ne yake sanyaya shi kamar yadda gumi yake sanyaya jiki. Wanda yake ganin layin murhu a miƙe ya san wuta lafiya lau take, ba zai ruɗe ya ƙara zafi ba, zai jira har ƙirjin ya kai wajen digiri 95 ya yi laushi. A sa ƙararrawa ta faɗuwar zafi ma, ba ta hawansa kaɗai ba, domin naman da wuta ta mutu a ƙarƙashinsa ya daɗe ƙasa da digiri 60 ya shiga yanayin da ƙwayoyin cuta suke yaɗuwa.

Kowace hanya aka bi, a gwada tsinkuna a ruwan ƙanƙara, su nuna sifili, sannan a tafasasshen ruwa, wanda yake digiri 100 a bakin teku amma yana raguwa da kusan digiri ɗaya a kowane hawan mita 300, ta yadda a Jos wajen 96 za a gani. A toshe duk wata kafa da murhu yake shan iska ta bayan fage, in ba haka ba fanka ba ta da iko a kan komai. Gawayi kuma a fili ake kunna shi, nesa da tagar ɗakin kwana, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa, sannan a bar wani babba a gida ko da waya tana nuna komai daidai.

Wace ta dace da wa

Wanda gashin ne ya dame shi, yana da kuɗin, kuma yana inda kamfani zai iya aiko masa da sabon tsinke idan tsohon ya ƙone, ya sayi gamammiya ya huta. Mai murhun yumɓu da yake son na'urar da shi zai mallake ta ciki da waje, kuma hannunsa ya saba da dalma, HeaterMeter ne nasa, saboda marfi mai motsi da kuma rabon aikin da aka yi tsakanin guntu da Pi. Ɗalibin lantarki, ko mai gyaran waya da rediyo wanda yake son ya koyi sabon abu da ɗan kuɗi kaɗan, ya kama ESP32, amma gwajinsa uku na farko ya yi su da rana, murhu babu nama, yana zaune a gefe da bokitin yashi, ya zare tsinken da gangan ya ga abin da fanka za ta yi. Mai sana'a da yake gasa da yawa kullum, wanda zafi ɗaya yake amfani da shi ba ya sauyawa, akwatin masana'antu mai bolt 12 da ma'aunin kallo sun ishe shi.

Wanda kuma yake zaune inda ake yawan ɗauke wuta, ya zaɓi ESP32 ko HeaterMeter ya ɗora su a kan batir mai bolt 12 irin na ƙaramar na'urar ajiye wutar kwamfuta, wanda zai riƙe allo da 'yar fanka har gari ya waye da saura, ya kuma sa rawutarsa a kan batir ɗin, domin idan rawuta ta mutu murhu zai ci gaba da aikinsa amma gargaɗin ba zai iso wayarsa ba.